Ekutar mai kama gefen kunne: yadda ake ƙera shi ya zauna daram ba tare da ciwo ba

A cikin shekarun nan wani sabon samfurin abin sauraro na salula, wanda aka fi sani da ekutar, ya shiga kasuwannin duniya. Shi ba a cusa shi cikin ramin kunne, maƙala shi ake yi a gefen kunne kamar ɗan kunnen mata. Wani kamfanin Japon mai suna ambie ya fito da irinsa tun 2017, amma ya fi yaɗuwa bayan da Huawei na ƙasar Sin ya gabatar da FreeClip a watan Disamba na 2023, sannan Bose na Amurka ya biyo baya da Ultra Open a Fabrairun 2024. Yanzu ƙananan kamfanoni da yawa suna kwaikwayon su. Sanin yadda ake ƙera shi zai taimaki mai saye ya bambance mai kyau da na bogi, ya kuma kare jinsa.

Matsalar masu ƙira ita ce abubuwa biyu da ke karo da juna. Idan abin ya matse kunne sosai ba ya faɗuwa, amma kafin awa guda kunne ya soma zogi. Idan kuma ya yi sako-sako babu ciwo, sai dai da an hau kabu-kabu an faɗa rami ɗaya, ya zame. Dukan aikin ƙirar neman tsakiya ne.

Dalilin zogin yana cikin halittar kunnen. Ban da fatar ƙasa da ake huda wa ƴan kunne, kunnen waje guringuntsi ne da siririyar fata ta lulluɓe, babu tsoka ko kitsen kirki da zai tare matsi. Guringuntsin ba shi da jijiyoyin jini nasa, daga tantanin da ke kewaye da shi yake samun abinci. Idan aka danne wuri ɗaya tsawon lokaci, jini ya rage isa wurin, sai ciwo ya taso. Ga shi kuma kunnuwa sun bambanta: na wani kauri gare shi, na wani siriri, kai har na dama da na hagu na mutum guda ba sa zama daidai.

Shi ya sa ake raba na'urar gida uku. Akwai ɗan ƙwallo mai ɗauke da lasifika, wanda ke zama cikin kwarmin kunne dab da bakin rami. Akwai ɓangaren batir da ke kwanciya a bayan kunne. Sai wata gada mai siffar harafin C da ke haɗa su ta zagaye gefen kunne. Ajiye batir a baya na da dalili: nauyin baya yana daidaita na gaba, don haka abin ba ya rinjaya gefe guda lokacin da mutum ke tafiya. Ana kuma faɗaɗa fuskar da ke taɓa fata, a yi ta mulmulalliya. Hikimar gammo ce: tulun ruwa bai rage nauyi ba, amma da yake gammo ya baza nauyin a kai, ana iya yin nisa da shi.

Gadar ita ce sirrin aikin. A cikin ta FreeClip akwai siririyar waya ta nitinol, wato gaurayen ƙarfen nikel da titaniyom, wanda aka gano a wani ɗakin bincike na sojan ruwan Amurka wajen 1960. Ƙarfen yana lanƙwasawa ya koma siffarsa, kuma ƙarfin matsinsa ba ya ƙaruwa sosai ko an ƙara buɗa shi. Ke nan mai kaurin kunne da mai siririn kunne suna jin matsi kusan iri ɗaya. Da wannan ƙarfen ake yin wasu firam na tabarau da wayar daidaita haƙora. Ana lulluɓe shi da roba mai laushi ta silikon, wadda ke hana santsi, ta kuma raba fata da nikel, domin akwai mutanen da nikel ke sa wa ƙaiƙayi da ƙuraje. Gadar roba zalla kuwa tana iya saki bayan ƴan watanni ko ta tsage.

Nauyi ma abin lura ne. Kowane ɗaya na FreeClip giram 5,6 ne, ya ɗan ɗara nauyin takardar ofis A4 guda. Ƙara girman batir yana ƙara awoyin sauraro, amma yana ƙara nauyi, kuma abu mai nauyi sai an ƙara matse shi kafin ya tsaya. Kafin a tsai da siffa, manyan kamfanoni suna auna kunnuwan mutane da yawa da na'ura mai ɗaukar siffa. Huawei ya ce ya yi amfani da bayanan kunnuwa sama da 10.000. Duk da haka babu samfurin da ya dace da kowa.

Barin ramin kunne a buɗe yana da amfani a ƙasa mai zafi irin Nijar. Iska tana shiga, gumi ba ya taruwa, ba a tura dauɗar kunne ciki, kuma mutum yana jin oda ta mota ko kiran wani. Masu sa tabarau ma sun huta, don abin ba ya rabon wuri da hannun tabarau a saman kunne. Amma akwai abin da aka rasa. Tun da ba a toshe rami ba, sauti mai kauri irin na ganga yana raunana, kuma na kusa yana iya jin abin da ake saurare. Masu ƙira suna rage wannan ta hanyar huda ƴan ƙofofi a bayan lasifika, waɗanda ke fitar da kishiyar sauti da ke kashe wanda ya tsere waje. Kuma idan ƙwallon ya goce kaɗan daga bakin rami, ƙarfin sauti yana raguwa nan take.

Nan ne hatsarin yake. A cikin hayaniyar babbar kasuwar Maraɗi ko tashar mota ta Damagaram, mai irin wannan ekutar yakan ƙara murya har ƙarshe don ya ji. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da miliyar 1 na fuskantar barazanar raunin ji saboda sauraro da ƙarfi. Ma'auninta ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Idan ya kai desibel 90, awa 4 kacal. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Don haka wannan samfurin ya fi dacewa da ofis, gida da tafiya a hanya marar hayaniya.

Ƙurar hunturu da gumin bazara suna buƙatar a duba alamar IP a jikin kwali. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP54 na nufin an gwada shi da ƙura da fantsamar ruwa. IPX4 kuwa na ruwa ne kawai, ba a ba da tabbaci kan ƙura ba. Batirinsa ba ya son zafi, saboda haka kada a bar akwatinsa cikin rana ko cikin mota a kulle.

Kafin a biya kuɗi, ya kamata mai saye ya sa shi na ƴan mintoci, ya girgiza kai, ya sunkuya, ya yi magana. Mace mai ɗaura kallabi ko hijabi, da namiji mai rawani ko hular kwano, su gwada da su a kai, domin tufa na iya danne shi a kan guringuntsi ko ta fizge shi. Idan an cire aka ga jan shati mai zafi, ya matse da yawa. Matsar da shi sama ko ƙasa kaɗan yakan magance hakan. Idan bai magance ba, a nemi wani samfurin. Wanda kuwa kunnensa ke ƙugi ko fitar da ruwa bayan sauraro, ya daina amfani da shi ya ga likita.