Fatar Jar Akuya da Ciniki na Adalci

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya taɓa kiwon jar akuyar Sakkwato ya san darajar fatarta. Tana da laushi, tana da ƙarfi, tana kuwa karɓar rini sosai. Tun zamanin ayarin raƙuma ake ƙetare Sahara da ita zuwa arewacin Afirka, daga can sai Turai, inda ake yin bangon littattafai masu tsada da ita. Amma Turawa suka sa mata suna fatar Maroko, gama ta wajen can take iso musu. Mai saye a Landan bai san matar da ta yi kiwon akuyar ba, bai san majemin da ya jeme fatar ba, balle ya tambaya nawa aka biya su.

Wannan rashin sani ne ciniki na adalci yake so ya gyara, mutanen ekklesiya kuwa suna cikin waɗanda suka soma shi. A 1946 wata mace ta ekklesiyar Mennonite a Amurka, Edna Ruth Byler, ta fara sayen ɗinkin hannu daga matalautan mata na Puerto Rico, tana sayarwa ga maƙwabtanta. A 1988 aka fitar da kofi mai alamar Max Havelaar a ƙasar Holan. Ɗaya daga cikin masu kafa shi wani fada ne, Frans van der Hoff, wanda ya zauna tare da manoman kofi a kudancin Meksiko, ya ga yadda 'yan tsakiya suke cinye guminsu. A 1997 ƙungiyoyin irin wannan alama suka haɗa kai, da babban ofishinsu a Bonn ta Jamus. Su ne masu alamar Fairtrade.

Ga yadda abin yake. Akwai farashin da aka yanka, mai saye ba zai biya ƙasa da shi ba ko da kasuwa ta faɗi. In kasuwa ta hau, sai ya bi kasuwa. Bayan wannan akwai ƙarin kuɗi, kamar dala 240 da aka sa kan kowane tan na koko a 2019. Ƙarin nan yana shiga asusun jam'iyyar gama kai, membobi su taru su yanke ko rijiya za a haƙa, ko rumbu, ko aji a makaranta. Ku lura, da jam'iyya ake wannan ciniki, wadda take zaɓen shugabanninta, take kuma rubuta lissafinta. A Ghana manoman koko suka kafa Kuapa Kokoo a 1993, a 1998 kuma suka sami hannun jari a kamfanin da ya fitar da cakulan Divine a Ingila.

To, me mai saye yake samu? Sau da yawa yana biyan kuɗi fiye da na kanti na gaba, kada mu ɓoye wannan. Amma ya san inda kayan suka fito, ya san an hana sa yara aikin bauta a gonar. Yana kuma samun kaya masu kyau. Mutumin da ya tabbata za a biya shi daidai yakan feɗe akuya a hankali kada wuƙa ta huda fatar, ya shanya ta a inuwa. Wanda ya san ƙwararsa za a yi, me zai sa ya wahal da kansa?

Samun alamar nan yana cin kuɗi da rubuce-rubuce, an fi kuwa ganinta a kan kofi, koko, ayaba, shayi da auduga. Ƙaramar jam'iyya ba za ta kai can da wuri ba. Sai dai mu ma masu saye ne, a nan ne maganar ta taɓa mu. Lokacin da albasa ta cika kasuwar Sakkwato, manomin fadama ba shi da wurin ajiya, bashi kuma yana bin sa, sai ya sayar ko nawa aka taya. Mukan yi kuka in aka yi mana haka da geronmu, mu kuma mu yi wa mai albasa haka nan da murna, mu ce mun yi arha.

Jam'iyyar da take sayen hatsi don ajiya, ko fata, ko albasa, tana iya zama da masu kayan tun kafin kaka, a shirya farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, magatakarda ya rubuta a gaban shaidu. A auna da mudu ɗaya, na saye shi ne na sayarwa. A biya a ranar da aka karɓi kaya. In an sayar da riba a bazara, a ware kashi a mayar wa waɗanda suka kawo kayan, gwargwadon abin da kowa ya kawo.