Tashin Ɗan Haya da Bashin Kuɗin Haya a Dokokin Nijeriya

A Nijeriya kowace jiha tana da tata dokar haya, amma dukkansu sun haɗu a kan ginshiƙi guda, wato cewa mallakar gida ba ta ba mai gida ikon fitar da ɗan haya da hannunsa ba, ko da kuwa yana bin sa bashin shekara da shekaru. Kotu kaɗai ke ba da umarnin tashi, kuma ma'aikatanta ne ke zartar da shi.

Kafin a je kotu sai an ba ɗan haya notis, wato takardar da ke sanar da shi ranar da hayarsa za ta ƙare. Idan yarjejeniyarsu ba ta faɗi wani wa'adi ba, Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ba mai biya duk wata wata guda, mai biyan shekara kuwa wata shida. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a sake ba shi takardar kwana bakwai da ke shaida masa cewa mai gida zai kai ƙara. Dokar ta kuma tanadi cewa mai biya duk wata da bashi ya taru masa har na wata shida, hayarsa ta faɗi da kanta, kuma kotu za ta iya tashinsa da zarar an tabbatar da bashin, wanda shi ya sa rasit ke da nauyi ƙwarai a irin wannan shari'a. Bayan tsohon bashi, mai gida yana iya neman kuɗin zaman da ɗan haya ya yi bayan ƙarewar hayarsa.

Abin da ake gani a unguwanni ya sha bamban da wannan tsari. Mai gidan da haƙurinsa ya ƙare yakan kwance ƙofar ɗaki, ko ya yanke wuta da ruwa, ko ya kira kafinta ya kwashe kwanon rufi ana tsakiyar damina, iyali su kwana suna tare katifa da bokitai. Wannan zalunci ne, kuma a Legas laifi ne da ke jawo tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. Sai dai bai kamata a manta ba cewa mai gidan sau da yawa ba attajiri ba ne, wataƙila ɗan fansho ne ko matar da mijinta ya rasu, waɗanda da kuɗin ɗakuna biyu suke cefane, kuma shari'ar da ke jan ƙafa tana cutar da su matuƙa.

Ɗaya daga cikin dalilan jinkirin shi ne yadda lauyoyi ke kama kuskure a notis, ko da na kwana ɗaya ne a lissafin wa'adi, a kori ƙarar a koma farko. A 2021, a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes a Kotun Ƙoli, Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta nuna cewa shigar da ƙara ma sanarwa ce isasshiya da ke gyara irin wannan kuskure, ko da yake masana shari'a suna ta muhawara kan iyakar ƙarfin wannan ra'ayi a ƙananan kotuna.