Ranar Da Waya Ta Mutu, Rediyo Ya Ɗauki Wasiƙa

Ran 20 ga watan Satumba, 2017, wata gawurtacciyar guguwa mai suna Mariya ta auka wa tsibirin Puerto Rico. Ta kakkarya turakun lantarki, ta kuma kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na hasumiyoyin wayar hannu. Mutum fiye da miliyan 3 suka wayi gari ba wuta, ba waya, ba mai sanin halin da ɗan'uwansa ke ciki.

Da abin ya ƙazanta, sai ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Amurka ta nemi taimakon ƙungiyar ARRL ta masu sha'awar rediyo, watau mutanen da gwamnati ta ba lasisin aikawa da karɓar magana ta iska, don sha'awa, ba don kuɗi ba. Mutum 22 suka tafi da akwatunan rediyo da ƙananan kwamfutoci.

Me ya haɗa kwamfuta da rediyo? Shi rediyo ba ya karatu, sauti kaɗai ya sani. Saboda haka kwamfuta ce ke mayar da haruffa su zama ƙararraki kamar kukan tsuntsu, ta tura su ta waya zuwa kafar da muryar mai magana ke shiga. Wata wayar kuma ita ke ba rediyo umarnin ya fara aikawa ko ya koma saurare. Tsakaninsu akan sa ɗan ƙaramin taransifoma, domin kada gurnanin lantarki ya ɓata saƙon. Igiyar gajeren zango kuwa takan bugi wani sashe na sararin samaniya ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. Can sai wata tasha mai intanet ta karɓa, ta mayar da ƙarar rubutu, ta miƙa wa mai shi. Wannan tsari shi ake kira Winlink, da shi kuwa aka fitar da saƙonnin agaji daga tsibirin.

Amfanin rubutu a fili yake. Sunan magani ko adadin majinyata, in an faɗa da baki cikin hayaniyar iska, yana iya canzawa. In an rubuta, kwamfutar da ke karɓa takan duba, ta nemi a maimaita abin da ya lalace.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1978 masu sha'awar rediyo a Kanada suka soma aika saƙon kwamfuta gutsure-gutsure ta iska. A 2017 kuma Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel a 1993, da Steve Franke suka fito da tsarin FT8, mai tsinto saƙon da ya yi raunin da kunne ba ya ji.

Duk da haka, kayan ba sa aiki da kansu. Sai da batir mai caji, da eriya da aka ɗaure daidai, da mutumin da ya saba da su tun kafin ranar masifa. Lalle da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta.