Cutar Korona da Ciwon Suga: Abin da Ya Kamata Iyaye da Malamai Su Sani



A ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa da ta ɗora wa cutar korona. Sai dai ƙwayar cutar tana nan tana yawo, kuma likitoci sun gano cewa wasu daga cikin waɗanda suka warke daga gare ta sukan kamu da ciwon suga daga baya. Wannan shi ne abin da muke son jawo hankalinku a kai.

Me bincike ya nuna?

A shekarar 2022, masana a Amurka sun duba bayanan asibiti na tsofaffin sojoji sama da 180,000 da suka yi korona. Sun samu cewa haɗarin kamuwa da ciwon suga a cikin shekara guda ya ƙaru gare su da kimanin kashi 40 cikin 100, wato ƙarin mutum 13 a kowane 1,000, idan aka kwatanta da waɗanda ba su yi cutar ba. A farkon shekarar 2022 kuma, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton ƙaruwar ciwon suga ga yara 'yan ƙasa da shekara 18 da suka yi korona. Haɗarin ya fi yawa ga wanda cutar ta kwantar a asibiti. Duk da haka, mafi yawan waɗanda suka yi korona ba sa kamuwa da suga.

Yaya hakan ke faruwa?

A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ce ke samar da sinadarin insulin, wanda ke shigar da sugan abinci daga jini zuwa tsokar jiki. Zafin cutar korona yana hana jiki amfani da insulin yadda ya kamata, kuma gwaji ya nuna ƙwayar cutar tana iya taɓa wannan gaɓa. Wasu magungunan da ake ba mai tsananin korona su ma suna ɗaga suga. Akwai kuma waɗanda da ma suna da ciwon ba su sani ba, sai da aka auna su a asibiti.

Waɗanne alamu za a lura da su?

- Yawan fitsari, musamman da dare
- Ƙishirwa da ba ta yankewa
- Ramewa alhali ana cin abinci
- Kasala da gani dishi-dishi
- Miki da ya ƙi warkewa
- Yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi

Idan yaro ko babba mai irin waɗannan alamu ya fara amai, ciwon ciki, numfashi da sauri ko fita hayyaci, a kai shi asibiti nan take. Jinkirin kwana ɗaya yana iya janyo asarar rai.

Gwajin suga ɗigon jini kawai yake buƙata daga yatsa. Idan an auna da safe kafin karin kumallo aka samu 7.0 ko fiye a ma'aunin milimol, likita zai sake gwajin don tabbatarwa. Kada a tsaya ga jiƙe-jiƙe kafin a san abin da ke jiki.

Ina amfanin rigakafi?

Wani bincike da aka wallafa a 2024 kan mutum miliyan 16 a Ingila ya nuna cewa ciwon suga bayan korona bai kai yawa ba ga waɗanda aka yi wa allurar rigakafi. Allurar tana rage tsananin cutar, kuma tsananin ne ya fi janyo suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da fifiko ga tsofaffi, masu juna biyu, ma'aikatan lafiya da masu ciwon suga ko wata doguwar cuta.

Kiranmu gare ku

Iyaye, ku sa ido kan iyalinku a watannin da suka biyo bayan mura mai tsanani ko korona, ku kuma tambayi ma'aikacin lafiya mafi kusa ko akwai wanda ya kamata a yi wa allura a gidanku. Malamai, Allah ya gafarta muku, maganarku tana da nauyi a wurin jama'a. Muna roƙonku ku isar da waɗannan alamu a wuraren karatu da tarukan suna da na ɗaurin aure, ku ƙarfafa wa magidanta su bar matansu da 'ya'yansu su je a auna su.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.