Tsohuwar dabarar da ke gano ko jariri yana ji tun kafin ya iya magana

Jaririn da aka haifa jiya ba zai iya faɗa wa likita ko yana ji ko ba ya ji ba. Duk da haka, a asibitocin da ke da kayan aiki, ana iya gane hakan yana cikin barci. Ana manna masa ƴan wayoyi a goshi da bayan kunne, a saka masa wata ƴar ƙara a kunne, sai na'ura ta nuna ko saƙon ya isa ƙwaƙwalwa.

Asalin wannan gwaji yana komawa ga wasu manyan akwatunan lantarki da masana suka yi ta fama da su a ɗakunan bincike tun shekarun 1950.

Saƙon da ke nutsewa cikin hayaniya

Osiloskop na'ura ce mai allo da ke zana yadda wutar lantarki ke hawa da sauka. Da ita masana ke kallon saƙonnin jijiyoyi.

Matsalar ita ce, amsar da jijiyar ji ke bayarwa ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na ƙarfin batirin tocila ba. Bugun zuciya da motsin tsoka da sauran ayyukan ƙwaƙwalwa duk sun fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka abin da ke fitowa a allo karce ne kawai.

Misalinsa kamar mutum ne da ke raɗa kalma ɗaya a tsakiyar kasuwa. Da faɗi ɗaya ba za a ji ba. Amma in aka naɗi muryarsa sau ɗari, aka jera naɗe-naɗen daidai kan juna, kalmar za ta yi ta ƙaruwa saboda iri ɗaya ce kullum, surutun kasuwa kuwa zai riƙa kashe kansa da kansa saboda yana canzawa.

Lissafin yana da tsada. Maimaici 100 na ƙara tsabtar saƙo ninki 10 ne kawai, kuma duk mai son ninka tsabtar sau biyu sai ya ninka maimaicin sau huɗu.

Daga hoto zuwa kafasita

A shekarar 1947 wani masanin jijiyoyi ɗan Birtaniya, George Dawson, ya riƙa taɓa jijiyar hannun mutane da ƴar wuta, yana ɗaukar hoton zanen osiloskop ɗaya bisa ɗaya a kan fim guda. Inda layukan suka taru suka yi kauri, nan ne amsar ƙwaƙwalwa take.

Daga baya ya ƙera inji mai makunni da ke juyawa, yana rarraba saƙon cikin jerin kafasitoci, kowace na tara wutar wani ɗan yanki na lokaci. Ya wallafa bayaninsa a 1954.

A 1960 Manfred Clynes, wanda aka haifa a Vienna kuma gwanin kaɗa piyano ne, ya ƙirƙiro na'urar da aka sani da CAT a Amurka. Tana da gurbi 400 na ajiyar lambobi, kuma ta bazu a ɗakunan binciken ƙwaƙwalwa saboda mai bincike na iya ganin amsar tana fitowa a gabansa tun ana cikin gwaji.

Akwatin da ake zurawa kamar aljihun tebur

Kamfanin Tektronix na jihar Oregon ya shahara da osiloskop mai gurabe a gaba, inda ake zaro wani sashe a zura wani gwargwadon aikin da ake so. Hakan ya sauƙaƙa wa jami'o'i, domin ba sai sun sayi sabuwar na'ura dungurungum ba.

Jerin samfurin 7000 da ya fito a 1969 ya ginu ne kan wannan tsari. A farkon shekarun 1980 aka samar masa da sashe mai suna 7D20, wanda ke mayar da saƙo lambobi, ya adana shi, ya kuma fitar da matsakaicinsa. Kamfanin Hewlett-Packard ma ya fitar da tasa na'urar tara saƙo, 5480A, a ƙarshen shekarun 1960.

Dabarar na da sharaɗi. Dole kowane maimaici ya fara a daidai lokaci ɗaya, in ba haka ba saƙon zai dushe. Haka kuma in hayaniyar wutar gida ta yi daidai da lokacin gwajin, za ta taru tare da saƙon ta yaudari mai kallo.

Abin da ya rage yau

A 1971 Don Jewett da John Williston suka wallafa bayanin igiyoyin da ke tasowa daga tushen ƙwaƙwalwar ɗan Adam cikin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa bayan ƙara ta shiga kunne. Ba a ganinsu sai an tara amsoshi dubu ko fiye.

Wannan shi ne tushen gwajin jin jarirai na yau. Ana kuma amfani da shi ga yaran da suka tashi daga sanƙarau ko jariran da suka yi shawara mai tsanani, tunda cututtukan biyu na iya kashe ji. A Amurka, ƙa'idar ƙwararru ita ce a yi gwajin farko kafin wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimaka wa yaro kafin wata 6, domin jinkiri na shafar koyon magana.

Su kuwa tsofaffin akwatunan, wasunsu suna hannun masu sha'awar tarawa da gyarawa, waɗanda ke canza musu busassun kafasitoci don su sake kamawa. Aikin da suke yi ya koma maɓalli guda a jikin osiloskop na zamani, da kuma ƴar na'urar da ma'aikaciyar jinya ke riƙewa a hannu ɗaya a gefen gadon jariri.