Waya ta ratsa daji, saura ta shigo gida



Waɗanda suka yi wayo a Libreville a farkon shekarun 2000 ba za su manta da ɗakunan intanet da ake kira siber ba, inda mutum zai biya kuɗin awa guda ya zauna gaban kwamfuta, rabin awar ya ƙare yana jiran shafi ɗaya ya buɗe. Yau kuwa mai shago a Mont-Bouët yana ganin hoton kaya a wayarsa kafin ya yi oda, uwa a Nzeng-Ayong tana kallon fuskar ɗanta da ke karatu a Maroko. Amma da yawa cikinmu muna da dangi a ƙauyukan Woleu-Ntem da Ogooué-Ivindo waɗanda har gobe sai sun hau tudu, ko sun taka zuwa bakin titi, kafin wayarsu ta kama rezo. Wannan bambanci shi ne abin da muke so mu tattauna a kai, musamman da yake kuɗin da ake zubawa domin gusar da shi daga aljihun jama'a yake fitowa.

Daga teku zuwa Franceville

Intanet ɗin da muke amfani da shi ba daga sama yake saukowa ba, kamar yadda wasu suke zato. Mafi yawansa ta ƙarƙashin teku yake zuwa, cikin wata waya mai ɗauke da zaren gilashi siriri kamar gashin kai, wanda saƙo ke gudu cikinsa a matsayin haske. Shi ne abin da shafukanmu na Faransanci ke kira fibre optique. Wayar farko irin wannan da ta sauka a Libreville ita ce SAT-3, wadda ta fara aiki a shekarar 2002. Shekara goma ƙasar ta yi tana dogaro da ita kaɗai, sai a watan Disamba na 2012 ta biyu, mai suna ACE, wadda ta taso daga Faransa, ta fara aiki.

To, amma saukar waya a bakin teku bai kai ta cikin ƙasa ba. Faɗin Gabon ya haura murabba'in kilomita 267,000, daji ya rufe fiye da kashi 80 cikin ɗari na wannan fili, kusan mutum tara cikin goma kuma a birane suke zaune. Duk ɗan kasuwa zai gane lissafin nan take. Kamfanin sadarwa ba zai haƙa rami na ɗaruruwan kilomitoci cikin kurmi domin ƙauye mai mutum ɗari biyu ba, don ko shekara nawa ya yi ba zai mayar da uwar kuɗinsa ba. Inda riba ta gaza, dole hukuma ta sa hannu.

Haka kuwa aka yi. A 2012 Bankin Duniya ya amince da bai wa Gabon rancen dala miliyan 58 a ƙarƙashin wani shiri na haɗa ƙasashen tsakiyar Afirka da babbar wayar intanet, wanda ɓangarensa na Gabon ake kira CAB4. Da wannan kuɗi aka shimfiɗa waya mai tsawon fiye da kilomita 1,000. An bi da ita gefen layin dogo na Transgabonais, domin an riga an sare dajin wurin, ta ratsa Ndjolé da Booué da Lastoursville da Moanda har Franceville, daga nan ta kai Lékoko a kan iyakar Kongo, inda aka haɗa ta da ta maƙwabtan a 2018. A 2016 bankin ya ƙara dala miliyan 23, aka ja wayar zuwa arewa ta Oyem da Bitam, garuruwan da kakanninmu Hausawa suka daɗe da zama, har ta kai iyakar Kamaru. Hukumar ANINF ce ta kula da aikin, kamfanin gwamnati na SPIN kuma shi ke riƙe da wannan kadara a madadin ƙasa.

Amfanin haɗewa da maƙwabta ta tudu ya fito fili a watan Maris na 2024, lokacin da wayoyin teku huɗu, har da SAT-3 da ACE, suka lalace a daura da gaɓar Kodebuwa, ƙasashe da dama na yammacin Afirka suka yi kwanaki cikin matsala. Ƙasar da ke da ƙofa fiye da ɗaya ta fi saurin samun mafita a irin wannan rana.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa

Sai dai ya kamata mu fahimci abin da wannan babbar waya take yi da abin da ba ta yi. Misalinta kamar babban bututun ruwa ne da ya ratsa gari. Muddin ba a ja ƙaramin famfo zuwa unguwa ba, mutanen unguwar za su ci gaba da zuwa rafi, alhali ruwan yana wucewa ta ƙarƙashin ƙafarsu. Akwai ƙauyukan da wayar ta bi ta gefensu, amma babu eriyar da za ta sauke musu saƙon.

Kafa eriya a ƙauye yana buƙatar abubuwa da yawa. Ana buƙatar wutar lantarki, inda babu ita kuma sai faifan hasken rana da batura. Ana buƙatar hanyar da mota za ta bi da damina a kai kayan gyara, da mai gadi, da ma'aikacin da zai zo in abu ya lalace. Bayan duk wannan, sai mutanen wurin sun mallaki wayar da za ta iya ɗaukar intanet, kuma sun iya sayen kiredi.

Domin wannan mataki na ƙarshe ne dokar sadarwa ta tanadi abin da ake kira service universel, wato haƙƙin kowane ɗan ƙasa ya sami sadarwa ko'ina yake. Kamfanonin waya, irin su Airtel da Moov Africa Gabon Telecom, suna zuba wani kaso na cinikinsu cikin asusu na musamman, hukumar ARCEP kuma tana amfani da shi wajen kai rezo wuraren da kasuwa ta tsallake. A lardin Ogooué-Ivindo aka fara gwada shirin. Ba Gabon kaɗai ke bin wannan hanya ba. Nijeriya tana da asusu irinsa a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003, Nijar kuma ta sami dala miliyan 100 daga Bankin Duniya a 2020 domin shirinta na kai intanet ƙauyuka.

Kuɗin wa?

A nan ne muke roƙon masu karatu su dakata su yi tunani. Kuɗin Bankin Duniya rance ne, kuma daga baitulmalin ƙasa ake biyansa, wato daga harajin da mai shago da mai tasi da ma'aikaci suke bayarwa. Kason da kamfanoni ke zubawa a asusu shi ma daga kiredin da muke saya kullum yake fita. Ke nan mun biya ta fuska biyu, ɗan ƙasa da baƙo mai zama da takardunsa. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Tambayar inda aka kwana game da garinmu ba roƙo ba ne, kuma ba rashin ladabi ba ne.

Abin da ke cikin hatsari shi ne makomar yara. Mun ga haka a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu. Ɗalibin da ke da intanet a gida ya ci gaba da bitar darasi, ɗan'uwansa na ƙauye ya zauna jiran ranar buɗewa, kuma jarrabawar bak iri ɗaya ce ke jiran su duka. Haka nan neman gurbin jami'a, da neman tallafin karatu, da aika kuɗi ga tsohuwa a gida, da tuntuɓar likita kafin a ɗauko maras lafiya a yi doguwar tafiya, duk sun koma cikin waya. Wanda ba shi da rezo, kullum ana ƙara rufe masa wata ƙofa ba tare da ya sani ba.

Abin da ke hannunmu

Shawararmu ta farko ga ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke nan Libreville take. Kamar yadda muke haɗa kuɗin biki da na ta'aziyya, mu zauna mu rubuta sunayen ƙauyuka da unguwannin da ba su da rezo, da kimanin yawan mutanensu, da ko akwai makaranta ko ɗakin shan magani a wurin. Mu miƙa takardar ga ARCEP da magajin gari da ɗan majalisar yankin, mu riƙe kwafi mai hatimi, mu koma bayan wata shida mu tambaya. Ana iya manta maganar baki, amma takarda tana nan.

Ta biyu, inda eriya ta riga ta iso, mu tsare ta. Baturin da aka sace daga gindin eriya yakan jefa gari guda cikin shiru na watanni, kuma ba kowane lokaci ake hanzarin mayar da shi ba.

Ta uku ga matasanmu masu ilimin zamani. In kun je hutu gida, ku zauna da iyaye mata da dattawa ku koya musu yadda ake aika saƙon murya, da duba sauran kuɗi, da kuma cewa ba a faɗa wa kowa lambar sirri, ko da ya ce daga kamfani yake kira. Eriyar da mutanen gari ba su iya amfani da ita ba ƙarfe ce kawai a tsaye.

Aikin da ya fi tsada an riga an yi shi, waya ta tashi daga bakin teku ta kai iyakoki. Abin da ya rage shi ne 'yan kilomitocin da ke tsakaninta da ƙofar gidajen danginmu, kuma waɗannan sukan fi saurin zuwa ga garin da ya san haƙƙinsa ya kuma nema a rubuce.

Allah Ya sa mu dace, Ya albarkaci zuriyarmu. Wassalam.