Hisabin Ƙarfin Gilashin Kyamara a Gaban Rubutun Hannu

Tun daga shekarar 1964, sa'ad da aka kafa shirin binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello, masu bincike suke sallama a zaurukan malamai na birnin Zazzau da na sauran garuruwa, suna neman iznin ɗaukar hoton littattafan da magabata suka rubuta da hannu, domin asali ya zauna wurin magada, ilmin kuwa ya isa ga ɗalibai. Ɗaukar shafi sukutum ba ta da wuya. Inda mas'ala take shi ne ƙananan abubuwa, gama a rubutunmu na Magaribi harafin fa ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuwa ɗaya a sama, ga kuma wasulan jan tawada da sharhin da malami ya cusa tsakanin layi da layi da siririn alƙalami, waɗanda in hoto bai fitar da su sarai ba, mai karatu zai iya jingina wa marubuci maganar da bai faɗa ba. Saboda haka ya wajaba mai kyamara ya san iyakar girman da gilashinsa zai iya ba ƙaramin abu, kafin ya shiga Unguwar Kona ko Juma ya ɓata wa malami lokaci.

Mutane da yawa suna zaton gilashi mai tsawo, irin wanda ake hango mahaya da shi ran hawan Salla a ƙofar fada, shi ya fi ƙara wa abu girma, alhali kuwa jawo na nesa dabam, kusantar ƙaramin abu dabam. Ƙa'idar ita ce a gwada girman surar da ta sauka a kan faifan da ke cikin kyamara, wato fim a da, sensa a yau, da girman abin a zahiri. In harafi mai tsawon milimita 10 ya sauka a kan faifan da milimita 10, an sami ɗaya bisa ɗaya, wanda ake rubutawa 1:1. In ya sauka da milimita 5, rabi ke nan, 1:2. Girman da hoton ya yi daga baya a allon kwamfuta ba ya cikin wannan hisabi ko kaɗan.

Asalin ilmin tsoho ne, domin Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna Alƙahira, ya bayyana a Kitabul Manaziri, wajen shekara dubu da ta wuce, yadda haske yake tafiya miƙe har ya kai sura cikin ɗaki mai duhu. Masu hisabi na baya suka fitar da yadda za a lissafa girman surar daga abu biyu: lambar milimita da aka rubuta a jikin gilashi, da mafi kusancin tazarar da hoto zai fito ba dishi-dishi. Gilashin milimita 50 da aka saba da shi, wanda ba ya yarda a matso ƙasa da santimita 45, yana ba da kimanin 0.15, kusan ɗaya bisa bakwai. A lura, ana auna tazarar nan daga faifan ne, inda akwai alamar da'ira da layi ya ratsa ta a saman kyamara, ba daga bakin gilashi ba. Sai dai gilasan zamani da yawa lambar milimitarsu ta haƙiƙa takan ragu in an matso ƙwarai, lissafin takarda ya kauce.

Don haka ni a ganina rula ta 'yan makaranta ta fi kowace hujja. A shimfiɗa ta a kan tabarma, a murɗa gilashi zuwa ƙarshen kusancinsa, a riƙa sunkuyowa da kyamara a hankali har zanen milimita ya fito tar, sa'an nan a ɗauka a ƙirga milimita nawa suka shiga daga gefe zuwa gefe. Faɗin babban faifai milimita 36 ne, irin na tsohon fim. In an ga milimita 144 na rula, sai a raba 36 da 144, a sami 0.25, wato 1:4. Mai ƙaramin faifai, wanda faɗinsa yake wajen 23.5, sai ya sa tasa lambar a madadin 36.

Wanda ya ga abin bai ishe shi ba, akwai zoben da ba gilashi cikinsa, da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi. Hisabinsa mai sauƙi ne: a raba kaurin zoben da lambar gilashi, a haɗa da abin da ake da shi. Zoben milimita 25 a kan gilashin 50 yana ƙara 0.5, jimla 0.65. Amma akwai diyya, gama a ɗaya bisa ɗaya rubu'in haske kaɗai ke isa faifan, kuma takarda in ta ɗan lanƙwashe, sai layi ɗaya ya fito, na kusa da shi ya dushe. Zaurukan birni kuwa ba su cika haske ba, saboda haka a ɗora kyamara a kan ƙafafunta uku kusa da ƙofa, a nemi almajiri ya danne gefen takardar da hannu mai tsabta.